Littafin Firistoci da abin da ke cikin zuciya: tambayoyi da amsoshi

Duk wanda ya taɓa ɗaura niyyar karanta Littafi Mai Tsarki daga farko har ƙarshe ya san inda gwiwa take yin sanyi. Farawa akwai labari, Fitowa ma haka, sai kawai a faɗo Littafin Firistoci, sura 27 na yanka da jini da kitse da ƙoda da tabon fata, da yawa anan suke rufe littafin su tsallaka zuwa Zabura. Amma akwai mutanen da tun zamanin da suka ce waɗannan dokoki suna koya wa mutum yadda zai duba cikinsa. Ga tambayoyin da aka fi yi akan wannan hanyar karatu, da amsa gwargwadon fahimtata.

Wai me ake nufi da karanta dokokin ta ciki?

Ana nufin ka ɗauki abin da aka umarci Haruna da 'ya'yansa su yi a alfarwa ta sujada, ka tambayi kanka me ya yi daidai da shi a cikin tunaninka da zuciyarka. Alfarwar tana da farfajiya, da Wuri Mai Tsarki, da Wuri Mafi Tsarki a bayan labule, to masu wannan karatu sai su ce mutum ma haka yake, akwai abin da kowa ke gani, akwai abin da kai kaɗai ka sani, akwai kuma can ƙurya inda kai kanka ba kasafai kake shiga ba. Bagade ya zama hankalinka, hadaya ta zama abin da kake miƙawa ko kake rabuwa da shi, firist kuma shine wannan ɓangaren naka da yake iya tsayawa ya kalli tunani yana wucewa ya ce wannan mai tsabta ne, wancan kuwa a'a.

Wannan ba sabon yayi bane da ya fito daga YouTube?

A'a, ya girmi kakannin kakanninmu. Filo, Bayahude ne mutumin Iskandariya ta Masar wanda ya rayu zamani ɗaya da Yesu, ya mutu wajen shekara ta 50, kuma yawancin rubutunsa akan haka ne. Misali a sura 8 an ce Musa ya shafa jinin rago a kunnen dama na Haruna da babban yatsan hannunsa na dama da babban yatsan ƙafarsa ta dama, Filo yace wannan tsarkin magana ne da na aiki da na tafiyar rayuwa gaba ɗaya. Bayansa sai Orijen, shima ɗan Iskandariya, Kirista, an haife shi wajen 185, ya koma Kaisariya yana wa'azi, kuma wa'azinsa 16 akan Littafin Firistoci sun iso mana cikin Latin. Shi ne yake cewa nassi yana da jiki da rai da ruhu kamar yadda mutum yake da su.

Yahudawa kuma dole ce ta same su, domin a shekara ta 70 sojojin Rum sun rushe Haikalin Urushalima, babu bagade babu inda za'a yi yanka, amma basu ajiye littafin ba, malamansu suka koyar cewa addu'a da karatu da aikin jinƙai sun tsaya a gurbin hadaya, har akwai tsohuwar al'ada a wurinsu cewa ƙananan yara da Littafin Firistoci suke fara karatu. Abin da yake sabo shine irin fassarar da ta taso a Amurka a ƙarni na 19 da na 20, zan zo kanta a ƙasa.

Shi Littafi Mai Tsarki da kansa ya buɗe wannan ƙofar?

Ya buɗe. Zabura 51 tace hadayar da Allah yake karɓa karyayyar zuciya ce. Zabura 141 ta kamanta addu'a da turare, ɗaga hannuwa kuma da hadayar maraice. Bulus a Romawa 12 yace ku miƙa jikinku hadaya rayayyiya, a 1 Korintiyawa 6 yace jikinku haikali ne, Bitrus ya kira masu bi firistoci, Ibraniyawa sura 9 da 10 kuwa yawanci akan Ranar Kafara suka tsaya, wato ranar da babban firist yake shiga bayan labule sau ɗaya a shekara, kuma maganar lamiri suke yi. Kenan babu wanda zai ce an shigo da abin ta taga.

To wane ne firist ɗin a cikina, kuma me aikinsa?

Anan ni dai nake ganin zuciyar maganar take. Mutane suna zaton aikin firist yanka ne kawai, amma Firistoci 10:10 ta faɗi aikin a fili, ya rarrabe tsakanin abu mai tsarki da na yau da kullum, da tsakanin mai tsabta da marar tsabta. Ka buɗe sura 13 ka lura sau nawa aka ce firist zai duba. An kawo masa mutum da tabo a fata, baya bashi magani, baya masa faɗa, baya tambayarsa wane zunubi ka yi, dubawa yake, shin gashin wurin ya koma fari, shin tabon ya zarce fata zurfi. In abin bai bayyana ba sai ya keɓe mutumin kwana bakwai, ya sake dubawa, in bai yaɗu ba ya ƙara wasu bakwai, sannan ya yanke hukunci.

Ka ɗauki wannan ka ɗora akan wani tunani da ya dame ka, a ce zargi ne ya shiga zuciyarka akan abokin kasuwancinka, ko wani haushi akan matarka ko mijinki da ba'a san daga ina ya taso ba. Yawancinmu abu biyu muke yi, ko dai mu yanke hukunci nan take mu fara faɗa, ko mu danne mu ce ba komai alhali abin yana ci. Firist ɗin sura 13 baya yin ko ɗaya daga ciki, tambayoyinsa guda biyu ne, abin nan yana da zurfi ko a sama yake, kuma yana yaɗuwa ko yana nan inda yake. Haushin da bayan sati ya dushe, ƙura ce ta kwanta. Wanda kuwa ya tashi daga kan mutum ɗaya ya koma kan danginsa, ya shiga barcinka, ya shiga addu'arka, wannan ya yaɗu kuma dole a kira shi da sunansa.

Har gida ma akwai dokarsa a ƙarshen sura 14, kuma akwai wani ɗan abu a wurin da yake taɓa ni sosai. Maigida ya zo yace yana ganin kamar akwai tabo a bango, kafin firist ya shiga sai ya bada umarni a kwashe kayan gidan duka a fitar, don kada hukuncin ya shafi komai da ke ciki. Wato tun kafin a duba an riga an yi tanadin rage asara. In tabon ya yaɗu bayan kwana bakwai, duwatsun da abin ya shafa ake cirewa, a kankare bangon, a sa sabbin duwatsu a yi sabon yaɓe, sai in ya sake dawowa ne ake rushe gidan. Mai binciken kansa da yake tashi ya ce ni gaba ɗayana lalatacce ne saboda hali guda ɗaya, ya fi dokar tsanani.

Kenan wanda yake da ciwon fata ko kuturta laifinsa ne?

Ko kusa, kuma ina roƙo kada kowa ya ɗauki wannan karatu ya je ya ɗora wa marar lafiya. Gaskiya ne malaman Yahudawa sun haɗa tabon da gulma saboda labarin Maryamu 'yar'uwar Musa a Littafin Ƙidaya 12, amma sura 13 da kanta bata ce mai tabon ya yi laifi ba. Rashin tsabta a wannan littafi yana samun mace mai jego da wanda ya taɓa gawa, babu ɗayansu da ya yi zunubi. Sannan abin da aka siffanta a wurin yana kama tufa da bango, masana sun daɗe suna cewa ba shine kuturtar da likitoci suka sani yau ba. Ita kuturta ƙwayar cuta ce ke kawo ta, wani likita ɗan Nowe mai suna Hansen ya gano ƙwayar a 1873, tana warkewa da magani na wata 6 zuwa 12, kuma tun 1995 Hukumar Lafiya ta Duniya take samar da maganin kyauta. Wanda ya ga tabo a jikinsa da baya jin taɓi, asibiti zai nufa da wuri kafin jijiya ta lalace.

Me ake cewa akan wutar bagade da ba'a barin ta mutu?

Wannan a sura 6 ne daga aya 8 zuwa 13. Kowa yana riƙe maganar wutar, kowace safiya firist zai ƙara itace, kada ta mutu, kuma masu wa'azi sun sha cewa wutar ƙauna ce ko himma ko natsuwar hankali gaban Allah, duk daidai ne. Amma ka duba abin da ya riga ƙara itace. Firist zai sa tufafinsa na lilin ya kwashe tokar hadayar jiya ya ajiye a gefen bagade, sannan ya tuɓe ya sa wasu kaya ya ɗauki tokar ya kai bayan zangon Isra'ilawa, kuma an ce wuri mai tsabta zai kai ta, ba juji ba. Duk macen da take girki da itace ta san in toka ta cika murhu wutar bata shan iska komai kyan itacen. Tokar nan fa ba abin ƙyama bace, ragowar ibadar jiya ce da aka karɓa, amma duk da haka sai ta fita. Ni na fahimci cewa har abin kirkin da mutum ya yi jiya, azumin da ya yi, taimakon da ya bayar, hawayen da ya zubar a addu'a, in ya zauna yana ta juya shi a ransa zai toshe na yau.

Na ga bidiyo ana cewa tsuntsaye biyu na sura 14 hanya ce ta samun duk abin da kake so ta hanyar tunani. Gaskiya ne?

Wannan koyarwar Neville Goddard ce, an haife shi a Barbados a 1905, ya koma Amurka yana saurayi, ya yi lacca a Niyok da Los Anjalis har ya mutu a 1972, yanzu kuma muryarsa ta dawo a YouTube da TikTok wurin masu maganar manifestin, wato jawo abin da kake so da tunani. Shi a wurinsa Littafi Mai Tsarki ba tarihi bane sam, wasa ne da yake gudana cikin tunanin mutum, kuma ikon da kake da shi na suranta abu a zuci shine Allah. A wani ɗan littafinsa na 1942 ya ɗauki wannan sura yace tsuntsu ɗaya shine halin da kake ciki, ɗayan kuma halin da kake so, yanka tsuntsu na farko shine ka ɗauke hankalinka daga matsalar, sai ka ji a ranka cewa ka riga ka zama abin da kake nema har ya tabbata.

Na gane me yasa abin yake jan matasa, wanda ya gama makaranta shekara da shekaru babu aiki, aka ce masa makullin yana cikin kansa, dole ya saurara. Kuma akwai ɗan gaskiya a ciki, abin da mutum yake cika ransa da shi yana juya halinsa da shawararsa. Amma mu koma nassin. Aya ta 3 tace firist zai fita bayan zango ya duba, in mutumin ya riga ya warke, sannan a kawo tsuntsaye biyu masu rai da itacen al'ul da jan zare da ɗaɗɗoya. A yanka ɗaya a kaskon ƙasa bisa ruwa mai gudu, a tsoma mai ran cikin jinin, a yayyafa wa mutumin sau bakwai, a saki tsuntsun ya tashi cikin saura. Kaga warkewar ta riga al'adar zuwa, tsuntsayen basu warkar da kowa ba, aikinsu shine dawo da wanda aka keɓe cikin jama'a, kuma ko hakan a hankali ake yi, ya yi wanka da aski ya shigo zango amma ya yi kwana bakwai a wajen alfarwarsa, rana ta takwas ya kawo hadaya a shafa masa jini a kunne da yatsan hannu da na ƙafa irin yadda aka yi wa Haruna ranar keɓe shi. Fassarar da ta juya wannan tsari ta mai da shi dabarar samun mota ko biza ta zubar da abin da surar ta fi damuwa da shi.

Abu na biyu da yake damuna shine in komai tunaninka ne ya jawo, to wanda ambaliya ta cinye gonarsa ko wanda 'yan bindiga suka kora daga ƙauyensa sai a ce tunaninsa ne bai gyara ba. Wannan zalunci ne akan wanda aka riga aka zalunta. Kuma ga Kirista ko Bayahude ko Musulmi, cewa tunanin ɗan Adam shine Allah magana ce da ba zata shigu ba.

To idon zuci bashi da wani amfani kenan?

Yana da shi sosai, ai littafin da kansa yana neman ka gani. Ignatius na Loyola, ɗan Sifen da ya kafa ƙungiyar Jesuit ta Katolika, tsarin addu'arsa da aka buga a 1548 yana koya wa mutum ya fara da suranta wurin da abin ya faru kafin ya yi bimbini. Ka gwada da sura 16. Sau ɗaya a shekara, rana ta goma ga wata na bakwai, babban firist yana ajiye kayan adonsa masu zinariya da duwatsu ya yi wanka ya sa farin lilin zalla, ya ɗauki garwashi da turare cike da hannuwansa biyu ya shiga bayan labule, hayaƙi ya rufe murfin akwatin alkawari, kuma aya 17 tace babu wani mahaluki da zai kasance cikin alfarwar har ya fito. Ka tsaya anan ka tambayi kanka yaushe rabonka da ka tsaya gaban Allah babu muƙami babu sunan da mutane suka sanka da shi babu mai kallo. Daga baya ya ɗora hannuwansa biyu akan bunsuru mai rai ya faɗi laifofin jama'a da baki, a tafi da bunsurun jeji. Da baki fa aka ce, laifin da ba'a ambata ba baya hawa kan bunsurun. Irin wannan surantawa tana sa ka ga kanka yadda kake, shine bambancinta da wadda take cewa ka ga kanka yadda kake sha'awa sai duniya ta bi.

Dabbobin da aka hana ci fa, su ma suna da ma'ana ta ciki?

Tsoffin masu fassara sun ce eh. Dabba mai tsabta sai ta haɗa abu biyu, tana tuƙa kuma kofatonta a rabe yake. Tun kafin Filo akwai Yahudawan Iskandariya da suka ce tuƙa tunawa ce da sake juya abin da ka koya, rababben kofato kuma iya rarrabewa ne. Raƙumi yana tuƙa amma bashi da rababben kofato, alade kuma akasin haka. Yana da daɗin tunawa, amma ni ban cika dogara da shi ba, domin wasu sun wuce gona da iri suna laƙa wa kowane tsuntsu da kifi wani hali na mutane.

Ni Musulmi ne, wannan yayi kama da maganar zahiri da baɗini da muke ji wurin malamanmu.

Akwai kama, ɗan'uwa. Imam Gazali wanda ya rasu a 1111 ya kasa tsarki mataki huɗu, na jiki daga hadasi da najasa, na gaɓoɓi daga saɓo, na zuciya daga munanan halaye, sannan na can ciki daga duk abin da ba Allah ba, kuma bai taɓa cewa wanda ya kai na huɗu ya daina alwala ba. Filo ma ya yi faɗa da wasu Yahudawan zamaninsa da suka ce tunda sun gane ma'anar Asabar da kaciya ba sai sun kiyaye ba. Addinan sun bambanta akan manyan abubuwa kuma bana son in shafe wannan, amma akan cewa na ciki baya korar na waje, manyan malaman sun yi kusa da juna.

Ta yaya zan san ba ni ne nake ƙirƙiro ma'anar da kaina ba?

Haɗarin yana nan kam. Ni abin da nake bi shine in fara sanin me dokar take nufi ga Isra'ilawan da aka ba ta, wa yake kawo me, a ina, bayan me, kafin in ce komai akan zuciya, domin yawancin fassarori marasa kan gado daga tsallake aya ɗaya ko biyu suke fitowa kamar yadda muka gani a tsuntsayen nan. Sannan in ma'anar da na samo bata da goyon baya a wani wuri inda aka yi magana a fili, sai in riƙe ta a matsayin tunanina kawai, ba zan hau mumbari da ita ba. Haka kuma in na lura duk fassarata daɗi take min, bata taɓa kama ni da laifi ba, to akwai matsala. Kuma a kai wa wani, fasto ko malami ko dattijuwa a zumuntar mata wadda ta san ka, ai a sura 13 ma ba mai tabon ne yake yanke wa kansa hukunci ba, kawo shi ake yi wurin wani ya duba.

In na gyara cikina shikenan na cika dokar?

Littafin bai yarda da haka ba. Sura 19 ita ce tace kada ka ƙi ɗan'uwanka a zuciyarka, wannan na ciki ne tsantsa, amma a surar nan dai aka ce kada ladan ɗan ƙodago ya kwana a hannunka, kada ka girbe gonarka har gefe ka bar wa matalauci da baƙo kala, kada ka zagi kurma ko ka sa wa makaho abin tuntuɓe, mudunka da ma'auninka su zama na gaskiya, kuma anan ne aka ce ka ƙaunaci maƙwabcinka kamar kanka, ayar da Yesu ya ɗauko ya sa ta biyu a manyan umarnai. Waɗannan basa buƙatar wata fassara ta ɓoye, lebura yana jiran kuɗinsa da yamma.

Farkon sura 6 ya fi fitowa fili. Wanda ya ci amanar ajiya, ko ya ƙwace, ko ya tsinci abu ya yi ƙarya ya rantse, in ya gane laifinsa zai mayar da abin cif, ya ƙara kashi ɗaya cikin biyar a kai ya ba mai shi, kuma ya kawo ragonsa wurin firist. Wato in dubu 50 ka riƙe wa wani, dubu 60 zaka kai masa. Saboda haka in ka zauna kana duba zuciyarka sai sunan wani ya faɗo maka wanda kake riƙe da haƙƙinsa, kuɗin adashi ne ko kuɗin ɗinki ko filin marayu, binciken ya kai inda zai kai a zaune, saura ka nemi lambarsa ka kira shi ku tsayar da ranar biya.